Jariran da ake haifa da buɗaɗɗen baya: ɗawainiyar da ke farawa ranar sallama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin yaran da ake haifa da ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, larurar da likitoci ke kira sifaina bifida. Duk sanda labarinsu ya fito, kuɗin tiyata ake nema. A tara, a yi aiki, kowa ya kama gabansa, alhali abin da ke durƙusar da iyaye yana gaba.

Ana so a rufe bayan cikin kwana 2 zuwa 3 da haihuwa, kafin ƙwayoyin cuta su bi raunin su kai ƙwaƙwalwa, kuma sai a manyan asibitocin koyarwa irin na Sakkwato, Kano da Zariya. Kafin a isa, a kwantar da jariri rub da ciki, a rufe wurin da bandeji mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti. Kada a shafa komai, kada wanzami ya taɓa shi. Yawancinsu ruwa kan taru musu a kai, sai an saka robar da ke janye shi zuwa ciki. Robar kan toshe ko cuta ta kama ta. Amai, yawan barci, kumburin maɗiga, zazzaɓi, ko idanu su riƙa kallon ƙasa: ranar da aka ga haka ranar ake komawa asibiti, sau da yawa kuma sabuwar tiyata ce da sabon kuɗi.

Inda aka fi yin sakaci ita ce mafitsara. Jijiyoyinta sun taɓu, ba ta juye fitsari duka. Uwa tana ganin kunzugu a jiƙe ta ɗauka lafiya lau, alhali cika mafitsarar ta yi take tsiyaya. Ragowar fitsarin na jawo cuta, yana kuma komawa baya ya lalata ƙoda a hankali, ba tare da yaron ya yi kuka ba. Hanyar kariya ita ce juye fitsarin da siririyar roba, lamba 6 ko 8 ga ƙananan yara, duk awa 3 zuwa 4 da rana. A wanke hannu da sabulu, a wanke gaban yaron, a shafa wa robar man santsi na asibiti, ba basilin ba, a zura ta a hankali ta ƙofar fitsari har fitsari ya zubo, a jira ya tsaya, sannan a zare. Sau 5 a rana ya zama sau 150 a wata. Wanda ba shi da halin sabuwa kullum ya wanke ta da sabulu, ya ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, ya shanya, ya adana a mazubi mai murfi. Ga kuɗin maganin sassauta mafitsara, ga hoton ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Uwar da ke kan wannan aiki kuwa da wuya ta riƙe sana'a a waje.

Ƙafafun da ba sa jin zafi ma sai an duba su kowane dare, har da ɗuwawu. Yashi mai zafi ko rarrafe a siminti kan bar gyambon da zai ci watanni ana wanki.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Muna kira ga hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinmu su saka robar fitsari, man santsi, magani da hoton ƙoda cikin abin da suke biya. Kada kuma a sallami jariri sai uwa ta zura robar da hannunta a gaban ma'aikaciyar jinya.

Lakar jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, tun mace ba ta je awo ba. Saboda haka folik asid, ƙwayar bitamin da ke rage haɗarin wannan larura, maikirogiram 400 kullum, kafin ɗaukar ciki ake fara shi. Wadda ta taɓa haifar irin wannan yaro ta ga likita ya rubuta mata mai ƙarfi, miligiram 5, tun kafin ciki na gaba.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan jinya, daga Kano