Roƙon tallafi: a taimaka mu gyara lasifikar masallacinmu kafin damina

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, na gida da waɗanda ke nesa.

Kwamitin masallacin unguwa ne ke neman taimakonku a kan kayan sautin masallaci, kuma tun farko bari mu faɗa, ba wai so muke mu ƙaro lasifika don ƙara ta fi ta da ba. So muke a sauke wayarin ɗin gaba ɗaya a sake shi yadda ya kamata, don wallahi yadda yake yanzu haɗari ne.

Duk mai zuwa asuba ya san makirfo ɗinmu yana jan mutum. Malam ladan har hannun riga yake naɗewa ya riƙe shi, in leɓensa ya taɓa kuwa sai ka ji ya ɗan yanke kiran sallah. Mun kira mai gyaran wuta ya duba, yace amfilifayar, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, jikinta ƙarfe ne kuma babu wayar ƙasa ko ɗaya a ginin, wato wadda suke ce ma atin, to in wuta ta zille a ciki ba ta da hanyar bi sai jikin wanda ya riƙe makirfo, ga shi mutum ya fito daga alwala hannu da ƙafa a jiƙe yana tsaye kan siminti. Wutar gidajenmu volt 230 ce jama'a, ba abin wasa bace. Wayar da ta hau sama kuma an yi mata jone-jone, wani wurin salatif wani wurin leda aka ɗaure, rana ta cinye robar har jan ƙarfen ya fito, kuma a kan kwano take kwance.

Sai hon ɗin waje, wato lasifikokin da ke sama. Da wayar ɗauri aka ɗaure su a jikin fayif, ɗaya ya riga ya karkace yana kallon ƙasa daidai inda yaran Islamiyya ke ajiye takalma, kun dai san iskar farkon damina yadda take kwashe rufi balle wannan. Fayif ɗin ma ya yi kusa da wayoyin NEPA, shi ya sa muka hana samari hawa, dan Allah kar wanda ya sa tsani yace zai taimaka. Wanda ya san aikin ne zai hau, bayan an kashe komai.

Abin da za a yi da kuɗin: a binne ƙarfen atin a haɗa shi da soket, a sa bireka mai yanke wuta da kanta in ta fara bin jikin mutum, a sayi sitabilaiza saboda wutar da ake kawowa wani lokaci da ƙarfi wani lokaci kamar kyandir, a ja sabuwar waya cikin fayif na roba, mai walda ya yi wa kowane hon mazauni da noti nesa da wayoyin wuta, a kuma sa ƙarfen kare tsawa tunda masallacin ne abu mafi tsawo a layin. Amfilifaya ma dole a sake, don ƙonewar da take yi ba sharrin kowa bane, lasifika aka yi ta jona mata. Lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda take tare wuta) in ka jona biyu kowace kai tsaye a baki ɗaya na amfilifaya sun koma om 4, ka ƙara wasu abin ya yi ƙasa da abin da za ta iya ɗauka sai ta yi zafi ta mutu. Mai aikin ya ba da shawarar irin mai layin volt 100, ita ce ta dace da hon da yawa da doguwar waya.

Na ciki kuma za a ɗaga su sama da kan mutane a kuma dawo da su gaban makirfo, wannan kukan mai tsaga kunne da ake ji lokacin huɗuba daga nan yake, lasifika tana bayan liman tana mayar da sauti cikin makirfo. Masana ji sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85 in aka daɗe a cikinta tana lalata kunne, kuma dattawanmu na sahun gaba su ne a bakinta kullum. Maƙwabta ma suna da haƙƙi, akwai masu jego akwai marasa lafiya. Ko a Saudiyya a 2021 hukuma ta ce lasifikar waje kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Mu ma za mu raba, karatu da tafsiri na ciki ya ishe su, kiran sallah ya fita waje.

Lissafin kayan da kuɗin aiki yana manne a allon sanarwa, kowa ya je ya gani. Mai bayarwa ya samu ma'aji bayan kowace sallah ya karɓi rasit, ko ya sa a akwati, na nesa kuma su tuntuɓi wani ɗan kwamiti. Iyayenmu mata za su iya aikowa ta hannun malamar Islamiyya. In kai mai walda ne ko mai wayarin, ko kana da shago a kasuwa za ka iya ba da waya ko soket, shi ma muna so ƙwarai. Kar wanda ya raina abin da ke hannunsa, ko ɗari biyu ce a kawo.

Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabatanmu, ya sa a mizani. A taimaka a tura wa 'yan unguwa da ke wasu garuruwa.

Kwamitin masallaci