Kafin a sa wa Golf GTI salansa mai ƙara

Assalamu alaikum Malam Edita,

A ba mu fili mu ja hankalin matasan da ke sayen Golf GTI ƙirar Mk5 mai giyar hannu shida, su garzaya wajen sauya salansa alhali injin na kukan rashin kulawa.

A fara da baƙin mai: 5W-40 mai lambar VW 502 00, kusan lita 4.6, tare da sabuwar filta. Ƙurar hunturu na toshe filtar iska da wuri, a riƙa duba ta. Idan ba a san ranar da aka canja bel ɗin tayimin ba, a canja shi da famfon ruwa gaba ɗaya, domin in ya tsinke fistin zai daki bawul, aiki ya koma sauke kan inji.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗan ƙoƙon ƙarfen da ke ƙarƙashin famfon fetur na saman inji. Kullum kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul ɗin inji, na gugar sa. Idan baƙin fentinsa ya goge, a canja. In aka bari ya huje, zai cinye kamshaf ɗin da famfon, ga shi kuwa ƙoƙon ba tsada.

A canja man birki DOT 4 duk shekara 2, kuma kulochi ma daga tulun yake sha. Kada a cika lagireto da ruwan rijiya, ruwan sanyaya inji G12 ake zubawa.

Kafin a nemi ƙarin ƙarfi kuwa, taya mai kyau 225/45 R17 da takalman birki ne farko. Sauya tsarin kwamfutar inji don ƙara ƙarfi ya biyo baya, amma tsohon kulochi na iya fara zamewa a giya ta huɗu da ta biyar, sai a tanadi kuɗin sabo.

Naku,
Wasu kanikawa daga Kano