Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sauraron Shirinmu Da Masu Tallafa Masa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, mun rubuto wannan wasiƙa ne domin mu yi muku bayani a kan makonni uku da suka shuɗe ba mu fitar da sabon shiri ba, da kuma canjin da muka yanke shawarar yi. Da yawa daga cikinku sun aiko da saƙo ta WhatsApp suna tambaya ko lafiya, wasu ma sun ɗauka mun rufe. Shirin yana nan da rai. Tun da yake gudummawarku ce ke ɗauke da wannan podkas tun ranar da aka fara shi, haƙƙinku ne ku ji abin da ya faru daga bakinmu, ba tare da kwana-kwana ba.

Kamar yadda kuka sani, mu huɗu ne kacal, ofishinmu ɗaki ɗaya ne a Kano, aikinmu kuma shi ne mu bi dattawa masu sana'o'in gado har inda suke, mu zauna da su, mu naɗi muryoyinsu. Mun zauna da masu rini da maƙera da dukawa da tsofaffin fatake, kuma kowannensu a bakin aikinsa muka same shi. Saboda haka rabin rayuwar shirin a kan hanya take, hanya kuwa ba ta da tabbas.

A ƙarshen daminar bana mun tashi zuwa yankin Nguru domin mu gana da wani dattijo masunci, wanda wani mai sauraro ya yi mana hanyar saduwa da shi. Dalilin da ya sa muka ɗokanta shi ne, wannan bawan Allah ya yi kamun kifi a dausayin Haɗejiya da Nguru tun kafin a gina madatsar ruwan Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wato ya san yadda ambaliya take sauka a fadamun kafin a riƙe ruwan daga sama, ya kuma ga yadda ciyawar kacalla ta yi ta cinye hanyoyin ruwa har kwale-kwale ya daina ratsa wuraren da a da ake wucewa ba wahala. Mun shiga mota da sassafe, to amma bayan mun wuce Gumel fanbel ya tsinke a wurin da babu gari kusa. Direba ya tari babur ya tafi neman bakanike, mu kuma muka zauna a gindin bishiya tare da sauran fasinja tun hantsi har la'asar sakaliya. Ba mu isa masauki ba sai bayan sallar isha'i. Wannan duk mai bin hanya ya saba da irinsa, kuma da a nan abin ya tsaya da ba mu ɗauki alƙalami ba.

Washegari dattijon ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya shafe kusan sa'o'i uku yana ba mu labari, yana ambatar kifaye ɗaya bayan ɗaya, tarwaɗa da karfasa da gargaza da ragon ruwa, yana faɗin wanda ya yi ƙaranci da lokacin da ya fara ƙaranci, yana kwatanta yadda ake ɗana tarkon kifi da ake kira mali da yadda ake tura koma, da irin ladubban da ke tsakanin masunta da makiyaya a bakin mashaya. A iya shekarun da muka yi muna wannan aiki, ba mu taɓa naɗar hira mai nauyin wannan ba.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jakar kayan aikinmu tana cikin but, wanda aka ɗaure da igiya saboda yawan lodi bai bari ya rufu ba. Ko da muka sauka a Kano, ruwa ya riga ya shiga na'urar naɗar murya, katin ajiyar da ke cikinta kuma ya ƙi buɗuwa a kowace kwamfuta. Mun kai shi wurin masu gyara har biyu, an kasa ceto komai daga ciki. Kuskuren namu ne, domin ya kamata mu kwafe hirar a wani wuri tun a daren da muka yi ta, kuma ya kamata jakar ta kasance a kan cinyarmu. Muka shirya komawa, sai aka shaida mana ruwa ya hau wani sashe na hanyar, dole muka dakata. Ranar da muka samu isa, zaman makoki muka tarar, Allah ya yi wa dattijon rasuwa kwana biyu kafin zuwanmu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba iyalansa haƙuri. Abin da ya rage mana shi ne 'yan shafukan da ɗayanmu ya rubuta da hannu yayin hirar, kuma 'ya'yansa sun amince mu gina shiri a kansu, su cike abin da suka ji daga mahaifinsu.

Sauran ƙananan matsalolin hanya kuwa ba su ƙirguwa. Hazon hunturu ya taɓa hana jirginmu tashi daga Kano, baƙon da ke jiranmu a Abuja ya yi tafiyarsa. Cunkoso ya taɓa riƙe mu har jirgin ƙasa ya bar tashar Rigasa ta Kaduna muna kan keke-napep. An taɓa wucewa da jakarmu zuwa wani gari, shugabannin tasha suka bi sawu aka dawo da ita bayan kwana biyu ko allura ba ta ɓata ba, kuma har yau muna yi musu addu'a. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mun kwana a wani ƙauye saboda akwai kuɗi a asusu amma babu tsabar da za a biya mota.

Sai mu zo kan batun kuɗi, wanda ba ma jin daɗin tayar da shi, amma ɓoye shi rashin adalci ne gare ku. Lokacin da muka tsara shirin a kan fita mako-mako, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, farashin ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota da na masauki da man janareta duk suka bi shi. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, abin da ya taɓa mu wajen ɗora shiri, ya kuma taɓa ku wajen sauke shi. Mun sani sarai cewa mai aiko mana da naira 500 ko 1,000 a wata daga cikin kuɗin cefanensa yake cirewa. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, waɗanda ke haɗa jaka ɗaya ko biyu ta sefa su ba direba ya kawo mana, sun ci gaba da tarawa ko a watannin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, da aka buɗe kuma suka aiko gaba ɗaya. Amanar da ke cikin irin wannan kuɗi ta fi adadinsa nauyi a wurinmu.

Wasu masoya sun ba mu shawarar mu riƙa yin hira ta waya mu huta da hanya. Mun gode, mun kuma gwada, amma sakamakon bai gamsar da mu ba. Dattijo ba ya sakin jiki da muryar da ba ya ganin mai ita, yawanci sai an gaisa, an tambayi iyali da damina, an sha ruwa, an yi sallah tare, sannan maganar gaske take fitowa. Ƙarar guduma a kan uwar maƙera ko motsin ruwa a jikin kwale-kwale ba sa biyo layin waya yadda ya kamata. Wasu kuma sun ce mu karɓi talla. A ganinmu, muddin mai biya shi ne mai saurare, babu wanda zai ce mana mu yanke maganar masunci a kan ruwan da aka riƙe ko ta maƙeri a kan kayan waje da suka kashe masa kasuwa, don haka za mu ci gaba a haka iya ƙarfinmu.

Ga abin da muka yanke. Daga wata mai kamawa shirin zai riƙa fita sau biyu a wata maimakon kowane mako, domin kowace tafiya ta samu kwana ɗaya na rara, kada lalacewar mota ta sa mu yi gaggawa. Za mu riƙa naɗa da na'ura biyu a lokaci guda, mu kwafe hira kafin mu kwanta, kuma za mu ɗage tafiye-tafiyen yankunan fadama zuwa bayan ɗaukewar ruwa. Za mu kuma riƙa fitar da kowane shiri a ƙaramin fayil, saboda masu ƙarancin data da masu tura wa iyayensu ta Bluetooth. A ƙarshen kowane wata uku za mu karanta muku abin da ya shigo da inda ya tafi. Duk wanda ya biya gudummawarsa bisa alƙawarin shiri huɗu a wata, kuma sabon tsarin bai yi masa ba, ya sanar da mu ta hanyar da ya saba, za mu mayar masa da kuɗinsa cikin mako guda, ba kuma za mu tambaye shi dalili ba.

Shiri na farko a sabon tsarin shi ne na marigayi masuncin, da muryoyin 'ya'yansa biyu, kuma zai fito ranar Juma'ar farko ta wata mai zuwa in Allah ya yarda. Muna roƙon duk wanda ke da dattijo a gidansu ko unguwarsu da ya san kamun kifi a dausayin Haɗejiya da Nguru kafin gina Tiga ya taimaka ya haɗa mu da shi.

Wassalam,
Ma'aikatan shirin, Kano.