Malam Edita, a ja kunnen 'yan uwa kan biyan kuɗin nadi na shekara guda

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'ar gida. Ni ɗaya ne cikin masu bin jaridarku ta waya daga nan Saudiyya, shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, direba ne ni a wani kamfanin gine-gine, da ina Jidda yanzu kuma ina Yanbu. Na daɗe ina cewa zan rubuto muku amma ka san halinmu sai abu ya ci mutum yake ɗaukar waya, to ni abin da ya ci ni nadi ne, wato gidan motsa jiki, wanda samarin gida ke ce wa jim. Wani zai ce yanzu wannan har abin rubuto wa jarida ne, jama'a na fama da tsadar shinkafa kai kana zancen ɗaga ƙarfe? To ai kuɗin shinkafar yarana na kwasa na kai can, shi ya sa abin ya tsaya min a rai.

Ba gayu ne ya kai ni ba. Likita ne ya duba jinina yace sugana ya zo bakin gaɓa, in ban tashi tsaye ba nan da ɗan lokaci zan fara shan magani, kuma gaskiyarsa, mutum ya wuni awa goma a kujerar mota, da rana kabsa, wato shinkafa da nama, da dare buros, wato soyayyar kaza, shayi kuwa cokali uku na suga, ina tumbi ba zai fito ba. Yace in riƙa tafiyar ƙafa. Duk wanda ya san Jidda a watan Agusta ya san wannan magana faɗinta ya fi yinta sauƙi, ka fito bayan isha'i ma iskar kamar an ɗora tukunya, kafin ka kai bakin titi riga ta manne maka a baya. Sai wani abokina ɗan Zinder da muke kwana ɗaki ɗaya yace in haƙura zuwa ranar ƙasa, 23 ga Satumba, lokacin ne kowane shago yake zuba rangwame har da nadi.

Haka kuwa aka yi. Ranar na shiga wani nadi kusa da unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba, ko'ina an yi ado da kore, sanyin na'ura ya buge ni tun daga ƙofa, ga wani saurayi a kanta hannunsa ɗaya ya kai cinyata, ga manyan robobin garin furotin jere a bayansa. Ya zagaya da ni ya nuna min injin gudu, ya nuna min wurin wanka da ɗakin tururi, sannan ya jawo takarda ya zana min lissafi. Wata ɗaya riyal 350. Wata uku 800. Shekara guda kuwa saboda ranar ƙasa riyal 1,900 har da haraji, kuma a ƙara maka wata biyu kyauta, amma fa yau da gobe ne kawai ya akhi, jibi ya koma farashinsa. Na lissafa a kaina na ga wata bai ma kai 140 ba. Nace ba ni da 1,900 a hannu, yace mafi mushkila, wato ba matsala, akwai manhajar nan ta biya kashi huɗu, ka ba da 475 yanzu saura wata-wata. Ya miƙo min wata na'ura mai gilashi, rubutun Larabci ƙanana ƙanana shafi kusan uku, na ja da yatsa har ƙasa ban tsaya ba, na zana hannu, lamba ta shigo wayata na karanta masa, kalas. Duka duka bai fi minti goma ba. Kuma wallahi ina jin Larabci, ina karanta shi daidai gwargwado, ba wai jahilci ba ne, kunya ce kawai ta in tsaya ina bin layi da yatsa ga mutane biyu a bayana suna jira.

Wata biyu na yi ina zuwa, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗin jikina, har bel ɗina ya matsa rami ɗaya. Ƙarshen Nuwamba sai ga mudir, wato manajan kamfaninmu, yace aikin Jidda ya ƙare, direbobi huɗu za su koma Yanbu ranar Asabar, ina ciki. Yanbu sama da kilomita 300 ce daga Jidda, kuma wannan nadi ba shi da reshe a can. Nan ne maganar da nake son jama'a su ji take, Malam Edita. Ɗan ƙasa in ya biya shekara ya san inda zai kwana shekarar. Mu baƙi masu ikama, wato katin izinin zama, fa? Yau kana nan, gobe kafil, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki, ya ce ka koma wani gari, jibi kwantiragin kamfani ya ƙare a buga maka bizar barin ƙasar ba dawowa, wato huruj niha'i, ko a kira ka daga gida a ce tsohuwa ba lafiya ka nemi huruj wa auda, bizar fita da dawowa, ka tafi wata uku. Lokacinmu ba a hannunmu yake ba, amma muka je muka sayi wata goma sha huɗu muka biya tun kafin mu gan su.

Na koma nadi da takardar canjin wurin aiki a hannuna, ina ganin ai hujja ce mai ƙarfi. Saurayin nan mai fara'a ya ce in jira mudir. Na jira minti arba'in a kan wani benci kusa da injin sayar da ruwa. Da mudir ya zo bai yi min rashin mutunci ba, har gahawa ya sa aka kawo min, sai dai ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna min layi na tara a cikin abin da na sa wa hannu, cewa kuɗin ishtirak, wato na shiga nadin, ba a mayarwa bayan an fara amfani da shi ko da wane dalili. Nace to a cire na wata biyun da na yi a ba ni saura mana. Sai ya yi murmushi ya ɗauko kalkuleta, yace ko da ana mayarwa ai ba da farashin rangwame za a lissafa maka ba, wata biyu da kwanaki ya zama uku, uku sau 350, a cire kuɗin rajista da aka yafe maka, a cire wata biyun kyauta tunda kyautar ta wanda ya cika shekara ce, ka ga abin da ya rage. Na duba na ga ko rabin kuɗina bai kai ba, kuma shi ɗin ma misali yake ba ni, ba bayarwa zai yi ba.

Abu biyu yace zai iya yi min. Na farko tajmid, wato a daskarar da kwanakinka su tsaya ƙirguwa, amma nawa kwana 30 ne kacal a duk shekarar, ni kuwa ban san ranar dawowata Jidda ba. Na biyu tanazul, in samo wani in sallama masa sauran watannina, da sharaɗin wanda bai taɓa rajista da su ba ne, kuma a biya riyal 200 kuɗin canza suna. Duk waɗannan suna nan rubuce a shafin da na ja da yatsa na wuce.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na kashi huɗun nan, don ni a tunanina in na daina zuwa sai in daina biya, a yi biyu babu. Ashe ba haka abin yake ba. Kamfanin manhajar ya riga ya biya nadi kuɗinsa, ni yanzu ba nadi ne ke bi na bashi ba, su ne, kuma ba ruwansu da ko ina ɗaga ƙarfe ko ina kwance a Yanbu. Ranar biya na yi za su zare daga katin mada, wato katin bankina, in babu kuɗi a ciki saƙo ya fara shigowa, in ka yi taurin kai sunanka na iya shiga SIMAH, wurin da ake ajiye tarihin bashin mutane, gobe ka je neman wani abu bashi a ce maka a'a. Su ba su cuce ni ba, abin da muka yi alkawari suka karɓa. Haka na biya kashi na ƙarshe a Disamba ina zaune a ɗakin kamfani a Yanbu, takalmin motsa jikin na ƙarƙashin gado cikin leda.

Kada a ɗauka ina cewa nadi abin banza ne ko duk masu shi macuta ne. Ƙasar nan ta canza sosai a kan wannan, lokacin da na zo ba kowace unguwa ke da shi ba, na mata ma sai a 2017 aka fara ba su lasisi, yanzu kuwa matan Hausawanmu na Makka da Jidda har da masu jikoki suna zuwa saboda ciwon gwiwa da suga, kuma a cikin shirin nan na ci gaban Saudiyya zuwa 2030 hukuma ta ce tana son masu motsa jiki duk mako su tashi daga kashi 13 cikin ɗari zuwa 40. Abu ne mai kyau. Shi ma mai nadi yana da haya da wuta da albashi, ga haraji da ya koma kashi 15 tun Yulin 2020, dole yana son kuɗin shekara a dunƙule. Amma ni abin da na gani, ribar tasu tana wurin irina, wanda zai biya goma sha huɗu ya ci biyu. Da duk wanda ya yi rajista ranar ƙasa zai zo kullum, wallahi ko wurin tsayuwa ba za a samu ba. Ka je makon farko na Oktoba ka ga layi a kan injin gudu, ka koma bayan wata biyu ka zaɓi wanda kake so.

Inda na ga laifin kaina kuma, ban kai ƙara ko'ina ba. Ma'aikatar kasuwanci tana da lambar 1900 da manhajar Balagh Tijari don koken masu saye, ma'aikatar wasanni ce ke ba irin waɗannan wurare lasisi, kuma dokar mu'amala da aka fitar a 2023 ta ba kotu dama ta sassauta sharaɗin zalunci a irin yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ya rubuta kai naka sa hannu kawai. Amma mu Takari mun saba da sunkuyar da kai, da ka ji an ce hukuma sai gabanka ya faɗi ko da ikamarka lafiya lau take, sai ka ce a bar wa Allah. Ga shi a lokacin kwana huɗu ne suka rage min a Jidda, ina haɗa kaya ina sallama da mutane. Ko da ba zan ci nasara ba ya kamata a ce na buga na ji abin da za su ce, ai kiran ba ya cin ikama.

Don haka roƙona Malam Edita ku buga wannan saboda masu zuwa da waɗanda ke nan, musamman samarin da suka shigo kwanan nan suna ganin hotunan ƙirji a TikTok. Kafin ka zana hannu ka tambaya da bakinka, in aka ɗauke ni daga garin nan ko aka yi min huruj me zai faru da kuɗina, tajmid kwana nawa ne, tanazul nawa ne kuma wa ake yarda a ba, kuma katin na reshe ɗaya ne ko duk rassa. Abin da ya faɗa maka ka ce ya nuna maka shi a rubuce, don shi saurayin kanta gobe ba lallai ka same shi ba. Ka sa a turo maka kwafin yarjejeniyar a waya, in Larabcinka bai kai ba ka tura wa yaran nan haifaffun nan su karanta maka, minti biyar ne a wurinsu. Ka duba kuma ko an sa katinka a kan sabuntawa da kanta. Ni dai in zan sake, wata uku zan saya ko da ya fi tsada a lissafin wata, kuma ba zan saya gab da azumi ba, don na san kaina, bayan tarawihi ba inda ƙafata ke zuwa sai shimfiɗa.

A ƙarshe tanazul ɗin na yi. Abokin nan nawa ɗan Zinder ya samo min ɗan wata Hajiya 'yar Kano da ke sayar da abinci a unguwar Karantina a Jidda, yaro ɗan shekara ashirin mai son ya yi ƙirji, muka daidaita a kan riyal 900 ni in biya kuɗin canza suna. Ya ba ni 600 a hannu yace saura ƙarshen wata. Wata na biyar ke nan, duk sanda na kira sai yace wallahi Kawu ina sane, har hotonsa yake turo min a gaban madubin nadin yana nuna dantse. Ni kuma nan Yanbu bakin teku nake zuwa bayan isha'i ni da wani Basudane direban tanka, mu yi tafiyar minti arba'in mu dawo, sugan ya ɗan sauka da na auna makon jiya.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani direba mai karanta ku daga Yanbu, Saudiyya