Talabijin da kyamarar gida na kai rahotonmu waje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu kan na'urorin gida masu haɗuwa da intanet.

Talabijin ya fi damuna. Da yawansu na ɗauke da manhajar da ke ɗibar samfurin abin da ke kan allo a kai a kai, ta aika wa kamfani a gano me ake kallo, ko da hoton ya shigo ne daga wata na'ura ta wayar HDMI. Daga nan sai a haɗa da lambar IP ta gidan, wato adireshinsa a intanet, a sayar wa masu talla. A 2017 kamfanin Vizio mai talabijin ya amince ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka kan tattara irin wannan bayani daga talabijin miliyan 11 ba da izinin masu su ba. Ana kashe manhajar, wadda ake kira ACR, a saitin sirri, sai dai sunanta a can ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Ita kuwa kyamarar tsaro, rauninta kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. Ta wannan kafa mugunyar manhajar Mirai ta kame ɗaruruwan dubban na'urori a 2016. A canza kalmar tun ranar farko. A kashe saitin UPnP a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, domin shi ke buɗe wa na'ura ƙofa zuwa waje ba tare da tambaya ba, sannan a ɗora na'urorin kan Wi-Fi na baƙi, daban da na waya da kwamfuta. Na'urar da kamfaninta ya daina sabunta mata manhaja, a raba ta da intanet.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku