Bayan an sallame su, ina za su koma?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ƙanena ya yi wata uku a wata cibiya ana raba shi da tiramol da kodin. Ranar da muka ɗauko shi har kumatu ya yi, mahaifiyarmu ta yi ta hawaye, ta dafa masa dambun da yake so. To amma gidanmu na nan inda yake. Majalisar da ya koyi sha tana bakin lungu, mai sayar masa yana kan bencinsa, abokai na ta zuwa yi masa barka. Kwana goma sha ɗaya da dawowarsa na shiga tashinsa sallar asuba, na tarar da kwalba a cikin takalminsa. Ban iya ce masa komai ba, zama na yi a bakin katifa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka (UNODC) ya nuna a 2018 mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. Muna maganar kame, muna maganar jinya, amma ba ma tambayar inda yaro zai kwana bayan an sallame shi. Rashin wurin nan ne ya sa iyaye suke kai 'ya'yansu gidan mari, irin na Rigasa a Kaduna da 'yan sanda suka fasa a 2019 suka tarar da ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa.

A Amurka, tun 1975 a jihar Maryland, wasu da suka daina shan giya suka fara abin da ake kira Oxford House. Gidan haya ne kawai, ba mai gadi, ba ƙulle. Kowa na fita neman abincinsa ya kawo kasonsa na haya, su suke zaɓar shugabanninsu, su suke jefa ƙuri'a kafin a karɓi sabo. Wanda ya koma sha, ya bar gidan. Wanda ya tsare kansa kuwa, ba mai cewa lokacinsa ya cika. Na maza daban, na mata daban. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wanda zai ga idonka ya canza da dare mutum ne da ya san ciwon a jikinsa.

Mu da muka saba da adashi da zaman gidan haya, me zai gagare mu a nan? Ina kira ga Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da masu hannu da shuni, a ba da gida ɗaya waƙafi a gwada, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta riƙa leƙawa. Na san maƙwabta za su ce ba sa son gidan 'yan ƙwaya, sai limamai da masu unguwa su shiga gaba.

Ƙanena ya koma jinya, wata mai zuwa za a sallame shi. Har yanzu ban samo inda zan kai shi ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano