Amsa ga ɗan da ya tambaye ni batun takardar sallamar yayansa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ranar Asabar, a taron 'yan mazan jiya da muka yi a Aboabo, ka miƙe gaban jama'a ka yi mini tambaya, na ce ka ba ni kwana biyu. Amsar tana bakina tun a lokacin, sai dai maganar ta taɓa mini wani tsohon miki, ban so muryata ta yi rawa a gaban yara ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa maka, don na san akwai gidaje a Asawase da Alabar da Sabon Zango da ke da irin wannan takarda kwance a ƙasan adaka.

Ka ce yayanka ya je Amurka, ya shiga sojan ƙasa, aka kai shi Iraƙi. Bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi da motarsu, ya fito da ƙarafa a cinya, har yau yana ɗingishi. An sallame shi fiye da shekara goma, ya dawo Kumasi yana kasuwancinsa. Da ka duba takardar sallamarsa, ba ka ga lambar Purple Heart da ake ba wanda abokan gaba suka raunata ba. Ka tambaya ko ana iya gyarawa bayan wannan tsawon lokaci. Ka kuma ce shi da kansa ya hana ka, wai bin lambar yabo riya ce, a bar wa Allah.

Ana iya gyarawa. Zan gaya maka yadda ake yi, domin aikin akawu na yi a soja har na ajiye kaki, kuma ni na taya ɗan ƙanwata da ke Bronx jera takardunsa ta waya lokacin da irin haka ta same shi. Amma bari in fara da maganar riya, don in ba a warware ta ba, ko biro yayanka ba zai ɗauka ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan yaƙin Bama ne. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, daga jirgin sama ake jefo musu abinci. Shi yana cikin masu ɗaukar kaya a ka, harsasai da buhunan shinkafa, suna hawa dutse suna sauka cikin damina da sauro. Duk wanda ya yi aiki a fagen Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945 ya cancanci Tauraron Bama. Baba yana da tauraron, na sha riƙe shi a hannuna, mai ƙyalle shuɗi da ja da ruwan lemo. Amma a littafin sallamarsa wani akawu ya bar wurin fayau. Su kuwa taurarin wancan yaƙi ba a sassaƙa sunan mai su a jiki, saboda haka wanda ya sha wuya ya samu da wanda ya saya a kasuwa, a ido duk ɗaya suke. Littafin ne kaɗai zai raba gardama, shi kuma ya yi shiru.

Duk sanda aka ce masa ya je a gyara, sai ya ce Allah ya sani. Gaskiya ya faɗa, Allah ya sani. Amma na ji da kunnena wani a majalisa ya ce da shi ɗan dako, wai ko ƙarar bindiga bai taɓa ji ba. Baba ya tattara tabarmarsa ya shige gida, bai ce uffan ba. Ni kuma da nake zaune a ofishin soja, da keken rubutu a gabana, na san ƙofofin da ake bi, sai na riƙa cewa in na samu hutu. Ranar da na tashi da gaske mun riga mun kai shi maƙabartar Tafo, abokansa biyu da suka hau duwatsun tare su ma sun bi shi. Ga shi kuma da sunan ƙabila aka ɗauke shi aiki, kamar yadda Turawa suka saba yi wa mutanenmu, irin su Alhaji Grunshi, wanda aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914. Na tsaya da lambarsa ta soja a hannu, babu mai rai ko ɗaya da zai ce tare muke. Kwanan baya jikana ya tambaye ni, Kaka, da gaske ya je ko labari ne? Wannan tambayar ce ta hana ni amsa maka ranar Asabar.

Ni ba malami ba ne, amma na zauna gaban malamai. Riya ita ce ka yi aiki don a gani a yaba. Wanda ya ce a rubuta abin da ya faru yadda ya faru, gyaran shaida ya nema. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ƙasar da ta ɗauki yaro lafiyayye ta mayar da shi da ƙarfe a cinya, akwai bashi a kanta, takardar sallama kuma ita ce rubutun bashin. Ka tuna masa da Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, waɗanda aka harbe a mararrabar Christiansborg da ke Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948. Takardar koke suka ɗauka za su kai wa gwamna a kan haƙƙin tsofaffin sojoji, kuma duk shekara ƙasar nan tana ajiye furanni a wurin. Ban taɓa jin wanda ya ce riya ta fito da su ba.

Ina kuma zaton akwai abin da yayanka bai faɗa maka ba. Musulmi ɗan Zango da ya je Iraƙi cikin kakin Amurka ya san irin kallon da wasu ke yi masa a masallaci, wataƙila shi kansa zuciyarsa ba ta kwanta da yaƙin ba. Na fahimci wannan, ba zan ce ya rataya komai a ƙirji ranar Sallah ba. In lambar ta zo ya jefa ta adaka ya kulle. Amma ciwon yana jikinsa, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Lambar nan, Purple Heart, tana ɗaga matsayin mai ita a layin kula da lafiya na ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka, kuma wanda ya same ta daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau yana da cikakken tallafin karatu ko da bai daɗe a aiki ba. Ranar da zai nemi diyyar rauni, ko ta firgitar da ke tashin soja tsakar dare, layin nan guda a takarda yana rage masa dogon bayani. In ya yafe nasa, matarsa da 'ya'yansa ba su yafe ba, su ne kuma za su riƙe takardar bayan ransa.

To, ga aikin. Takardar sunanta DD 214. Ku duba gida na 13, nan ake jera lambobi. Kafin ku ce babu, ku gangara gida na 18, domin in wuri ya cika can ake ƙarasawa, kuma mutane da yawa sun tayar da hankalinsu a banza saboda ba su duba ba. In can ma babu, kada ku ɗauka mugunta ce. Akawu abin da ya tarar a fayil ranar nan shi yake bugawa. Soja ya ji rauni, an ɗauke shi a jirgi zuwa asibiti a Jamus, takardunsa suna can wurin bataliya, umarnin ba shi lamba yana tafe a baya. Wata lambar ma ta rukuni ce gaba ɗaya, sai bayan mutum ya bar aiki ake amincewa da ita. Ranar sallama kuwa soja hankalinsa na gida. Na miƙa wa ɗaruruwa littafi su duba, da wuya ka ga wanda ya karanta kafin ya sa hannu.

Ku fara neman cikakken fayil ɗinsa da fom SF 180, ko ta intanet. Za ku ji ana cewa ai takardun sojan Amurka sun ƙone. An yi gobara a ma'ajiyar St. Louis ranar 12 ga Yuli 1973, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, amma na sojan ƙasa da abin ya shafa waɗanda aka sallama ne tsakanin 1912 da farkon 1960. Na yayanka yana cikin kwamfuta. Abin da kuke nema a ciki shi ne takardar umarnin ba da lambar. In an taɓa maƙala masa ita a gadon asibiti, akwai wannan umarni, aikin ya zo da sauƙi: a aika kwafi ga sashen lambobi na hukumar ma'aikatan sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentucky, su fitar da takardar gyara, DD 215, ko su sake masa sabuwar takardar sallama.

In ba a taɓa ba shi ba, nan ne ake zufa. Sai an nuna abu uku: abokan gaba ne sanadin raunin, raunin ya kai ga likita ya yi masa magani, kuma an rubuta maganin a takardun asibitin soja. A haɗa da bayaninsa na abin da ya faru, da rana da wuri, da shaidar mutum biyu aƙalla da suke wurin. Wannan ne ya sa nake matsa maka. Takarda tana jira, mutane ba sa jira. Yau zai iya lalubo direban motar da mai ba su taimakon farko a Facebook cikin dare ɗaya. Nan da shekara ashirin sai ya tsaya inda na tsaya. Tunda kuma an buɗe fayil, a duba har da lambar yaƙin Iraƙi da bajen shiga artabu da aka ƙirƙiro a 2005, a nemi duk abin da ya ɓace lokaci guda.

In can suka ƙi, akwai gaba. Ana cika fom DD 149 a kai wa kwamitin gyaran bayanan soja, wanda dokar Amurka ta ba ikon gyara kuskure ko zalunci a fayil, a sashe na 1552 na kundi na 10. Kwamitin yana so a ga ka bi ƙananan ƙofofi tukuna. Doka ta ce a nema cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, kuma na san wannan ne ya karya maka gwiwa. Amma dokar ta ba su damar ɗage wa'adin in adalci ya buƙaci haka, kuma a fom ɗin akwai wurin bayyana dalilin jinkiri. Ya faɗi gaskiya a gajarce. Ku sani kwamitin yana ɗaukar abin da ke fayil daidai ne har sai ka kawo hujjar da ta rushe shi. Su ba za su tafi neman hujja dominka ba, dogon kuka ba ya motsa su, kwanan wata da sa hannun likita ne ke motsa su. Amsa takan ɗauki watanni, wani lokaci ta haura shekara, sai an yi haƙuri.

Duk wannan ba a biyan ko sidi ɗaya. In wani ɗan goro, wato dillalin takardu, ya ce ya san hanya a ofishin jakadanci, wai ku ba shi kuɗi kaza, ku juya masa baya. Kada ku aika takardun asali, kwafi kawai. Sunansa ya zama harafi da harafi yadda yake a takardar sallama, don mu mutanen Zango mutum ɗaya sai ka ga Muhammad ɗinsa iri uku a takardu uku.

Abu ɗaya zan roƙe ka da girman Allah: kada son ɗan'uwa ya sa ku ƙara gishiri. Kada a ce wa shaida ya rubuta abin da bai gani ba, kada a nemi lambar da ba tasa ba don ta yi kyau a jeri. A can, tun 2013, laifi ne mutum ya yi ƙaryar irin wannan lamba don ya samu kuɗi ko wata moriya, a wurinmu kuma shaidar zur kowa ya san matsayinta. Ƙarya guda in aka kama ta, sai ta shafa wa gaskiyar da ke kusa da ita kashin kaji.

Ga 'yan'uwana da muka yi Labanan da Laberiya a kakin Ghana, ku ma ku buɗe littattafanku yau. Wanda ya ga giɓi ya fara da ofishin hukumar tsofaffin sojoji ta yankinsa, su nuna masa hanyar ofishin bayanai a barikin Burma Camp da ke Accra, da lambarsa ta soja da hotunansa da sunan kwamandansa.

Kai kuma, ɗana, aikin nan ba ya yiwuwa a bayan idon yayanka, sa hannunsa ake buƙata muddin yana raye. Kada ka yi masa gardama, kai ƙane ne. Ka karanta masa wasiƙar nan, ka ce tsoho yana gaishe shi, yana roƙon ya zo. Ina gida ranar Asabar bayan la'asar. Ku taho da duk abin da ke cikin adakar, har guntayen takardun asibiti da yake ganin ba su da amfani. Zan fito da littafin Baba in nuna masa wurin da aka bari fayau, daga nan mu zauna mu fara jera nasa.

Wassalam,
Babanka, tsohon samanja,
Aboabo, Kumasi